Abin da Mato Ya Ƙirga

Marka ta kwana uku a Birni.
Daren na huɗu soron kakana ya durƙusa
kamar raƙumin da hanyar Tanut ta gajiyar.
Ba wanda ya ji ciwo. Akuya ma ta tsira.

Na taso daga Yamai da jaka ɗaya da shawara ɗaya:
a kira babbar mota, a kwashe, a zubar a bayan gari,
in ya so mu zuba siminti.

Mato magini na zaune a kan dutsen ƙofar gida
yana ɓare goro da farce.
Ya ce, "A zubar da me?"
Na ce, "Ɓaraguzai."
Ya dube ni har na ji nauyin takalmina,
ya ce, "Zo mu ƙirga."

Azara talatin da bakwai, tsohuwar giginya,
gara ta lasa ta bari, ta san ba sa'arta ba ce.
Biyu sun tsage. Su ma za su tsaya wa rumfa.
Ya juya guda, ya nuna mini wani baƙin sara:
"Wannan ba aikin gidanku ba ne.
Ta riƙe wani rufin kafin kakanka ya saye ta.
Wa ya san ɗakin?
Wa ya san wadda ta haihu a ƙarƙashinta?"

Ƙasar bango kuwa, dariya ta ba shi.
"Ƙasa ba ta tsufa, ƙishirwa take ji.
Ba ta ruwa, ba ta ciyawa, sa yara su tattaka,
jibi ta tashi tubali tana neman aiki."
A garin nan ruwan ne da tsada.
Tano shida muka saya wurin mai amalanken jaki,
ina biya ina tsaki.

Kwanon ɗakin baya, wanda tsatsa ta yi wa lalle,
Tsalha maƙeri ya ɗora a ka ya nufi Kasuwar Dole.
Ran Alhamis na same shi can
ya fitar da murhu biyu da indararo.
Butar sanholo mai hudajjen gindi
da gwangwanayen da kaka ta ƙi zubarwa shekara ashirin
sun shiga wuta tare,
sun fito tukunya ɗaya, ba ta tuna komai ba.
Tayar da muka gara muna yara
tana tafiya Mirya a ƙafar wani mai itace.

Ƙyauren ne ya tsaya mini a wuya.
Tsahara mai ɗinki ta saye shi, jikka huɗu,
ta kafa a shagonta na Zango.
Na bi ta wurin da yamma kamar mai neman zare.
Zanen ƙusa na nan a bayansa,
tsawona, damina bayan damina,
har inda na bar gida.
Ba ta shafa fenti ba.
A ƙasa da nawa akwai sabon zane.
Ta ce na ɗiyarta ne, Gaptiya, shekara uku.

Leda kaɗai Mato ya rasa wa suna.
Mun tono ta a gindin bango, baƙa, ba ta ruɓe ba.
Ya tara ta gefe, ya goge hannu,
bai ce komai ba.

Da kaka ɗaki ya tashi, bai kai na da girma ba.
Na kwanta rigingine ina ƙirgawa,
talatin da biyar,
har da mai baƙin saran.

Makullin soron na cikin aljihuna,
ba shi da ƙofa.
Tsalha ya ce in kawo a ɗora a sikeli.
Na yi shiru.
Mato ya ce, "Bar masa.
Ƙarfe ba ya gaggawa."