Harafi Ɗaya

A gidanmu na bakin teku, a Aberaeron,
ba a raba magana daidai wa daida ba.
Kaka Eluned ta haifi shida,
uku bakinsu a sake, uku a ɗaure kamar nata.
Uwarmu na cikin ɗaurarrun.
Ni na faɗo wajen masu surutu,
ƙanena Gethin ya faɗo ɗaya ɓangaren.

Ranar da ya cika shekara bakwai
aka kunna masa kyandir bakwai.
Ya san abin yi, ya sani sarai,
amma leɓe ya ƙi jin aike,
iska ta zille ta gefe.
Na hura masa a ɓoye ta bayan kunnensa.
Har yau bai yafe min ba.

Wata likita ta zo cikin ruwan sama
da jakar ƙananan kwalabe,
ta ɗebi jinin mu goma sha huɗu a ɗakin girki,
ta sha shayi, ta tafi.
Sai bayan shekara uku ta dawo da takarda:
cikin dogon rubutun da ke naɗe a ƙwayar halitta,
wanda ido zai tsufa bai kai ƙarshensa ba,
harafi ɗaya ne ya sauya.
Ɗaya tak.

Kaka ta daɗe tana kallon takardar,
sannan ta ƙulla kalmomi ɗaya-ɗaya, kamar mai ɗinke raga:
"Ashe ba... a bakina... suka koya ba?"
Shekara hamsin tana rage magana a gaban yara
don kada su kwaikwaye ta.
Ba wanda ya yi ƙarfin halin ce mata:
a jininki suka ɗauka.

Likitar ta ce harafin ba shi ne magana ba,
ɗan aike ne cikin dubban 'yan aike.
Ɓera na da irinsa, tsuntsu mai koyon kuka ma haka.
Na ce, to me ya sa ɓera bai taɓa yi wa uwarsa ƙarya ba?
Ta yi dariya, ta ce nan saninsu ya tsaya.

Yanzu Gethin na da jirgin kamun kifi.
Ya san kowace iska da sunanta, ko baki ya ƙi faɗa.
Jiya aka miƙa masa 'yarsa, wata tara,
ta damƙi gemunsa, ta ce ba-ba-ba.
Ya yi shiru yana duban leɓenta
yadda yake duban gajimare
kafin ya kwance igiya.