Lemo Bakwai a Titin Narborough

Biyar da rabi a Leicester, watan Nuwamba,
rana ta naɗe tabarmarta tun la'asar.
Yayyafin nan mai ratsa riga ya nemi ƙashi
yana zuba a kwalta, yana zuba a taya.

Ni ne a kan keken.
Shinkafar wani da ban taɓa gani ba tana hucewa a bayana,
waya tana ƙirga min numfashi:
saura minti huɗu, saura uku.
Wanda agogo ke kora ba ya ganin hanya.

Farar motar kaya ta matse ni da bakin titi,
madubinta ya lashi gwiwar hannuna.
Na auna wa direban zagi da Hausar Gusau,
ya sauke gilashi ya rama da ta garinsu.
Ba mu nemi tafinta ba,
fushi ko'ina harshensa ɗaya.

Ina waiwaye, ina ƙarasa masa ragowar,
ban ga zanen fari da baƙi ba,
ban ga fitilu biyu masu ƙifta ido ba,
ban ga tsohuwar ba
sai da birki ya yi kururuwa,
raina ya taho ya tsaya a wuya.

Ban taɓa ta ba.
Tsakaninmu bai kai taƙi ba, amma ban taɓa ta ba.
Ledarta ce ta suɓuce,
lemo bakwai suka bazu a kan zanen
kamar 'yan makaranta an tashi, kowa ya kama tafiya.

Sai shari'a ta zauna a tsakiyar titi.
Direba ya ce ku masu keke ba ku san ja ba.
Wani mai laima ya ce ku masu mota kun sayi garin ne?
Mai tasi ya leƙo, ya ce ku fa, masu ƙafa,
da kuke tsallaka titi ido a waya?
Kowa alƙali, babu mai laifi,
kowa ya yanki tsoka daga gaskiya
ya bar wa ɗan'uwansa jijiya.

Ita ba ta ce uffan ba.
Ta dafa sanda tana ƙirga abin da nake tsinto mata.
Huɗu. Biyar. Shida.
Na bakwai ya fashe a ƙarƙashin motar,
ƙamshinsa ya rufe warin hayaƙi,
muka yi tsit muna kallonsa
kamar mun san abin da ya fansa.
Direba ya sosa ƙeya.

Ta ce sunanta Maureen Tebbutt,
shekara arba'in da ɗaya tana tsallaka nan.
Ta ce, yaro, ƙuguna ɗaya na ƙarfe ne,
ba na sha'awar na biyu.
Ta zaɓi lemo mafi girma ta cusa min a aljihu.
Da ta mare ni da ya fi min sauƙi.
Ban san akwai nauyi irin na kunya ba
sai da na ɗauko shi gida a kan kaya.

Mai shinkafa ya ba ni tauraro ɗaya. Ya kyauta.

Da safe ina riƙe da hannun Lantana,
za mu tsallaka zuwa makaranta,
wani mai keke ya gifta fuu, ya kaɗa mata gyale.
Na buɗe baki, zagin ya iso har haƙori,
sai ya tarar da ɗanɗanon lemon jiya.