Duwatsun Kogin Tamir

Kaka Dulamsuren ba ta taɓa zaman aji ba,
amma ita ta aike ni kogi da buhu:
"Zaɓo masu santsi kamar ƙwan agwagwa.
Mai tsaga ki bar shi, a wuta fashewa zai yi."
Na tsinto ashirin da uku, yatsuna suka mutu,
ruwa ya karɓe ɗumin da na fito da shi daga tanti.
Ban ga laifinsa ba.
A Ulanbatar malaminmu ya ce sanyi ba ya shiga kowa,
zafi ne ke fita, kullum gangara yake nema
kamar ruwan da aka kwarara a kan tudu.

Muka binne su a busasshen kashin shanu.
Gombo ƙanena na fifita da hularsa,
ni kuwa ina bin sawun wutar da baya:
wannan harshen da ke lasar dutse ranar bara ce.
Ciyawa ta sha ta a kwarin Arhangai,
saniya ta tuƙa, ta ajiye mana saura a fili,
iska ta shanya, Kaka ta kwasa a kwando.
Shekara guda rana na kwance a bayan tanti
tana jiran ashana.

Nama ƙasa, dutse sama, nama, dutse,
tukunya ta yi tsaki, aka danne murfi.
A nan na ga hanyoyi ukun da na haddace don jarrabawa.
Dutse ya jingina da ƙashin akuya, ya miƙa masa hannu da hannu.
Tururi ya goya nasa kason, ya hau,
ya bugi murfi, ya yi gumi, ya komo.
Na ukun shi ya fi ba ni mamaki:
ina nesa da murhu taku huɗu, ba mai taɓa ni,
ga kumatuna sun ɗau wuta,
saƙo ya iso ba ɗan aike.

Da aka buɗe, kafin nama sai dutse.
Baƙi wuluk, yana naso da kitse,
ka jefa dama, ka jefa hagu, kana hura baki,
har ya haƙura ya zauna a tafinka.
Kowa ya samu. Kaka ta zaro ɗaya kuma,
ta aza kan kujerar da ba kowa.

Kujerar Luvsan ce, mijinta.
Daren da dusar ƙanƙara ta rufe ƙofa har sakata
ni ke riƙe da hannunsa,
ina ji yana hucewa a nawa, kaɗan-kaɗan.
Littafi ya ce babu abin da ke ɓata.
To na yarda. Wani ya shiga tafina,
wani bargo ya sha, wani ya ratsa gashin tumakin bango,
ya narkar da ƙanƙarar da ba ta kai cokali ba,
saura iska ta yi Hangai da shi.
Lissafi ya cika cif, ko ɗigo bai zuba a waje ba.
Sai dai littafin bai yi mini alkawarin
wani zai bi duniya ya tattaro shi wuri ɗaya ba.

Na gaya wa Kaka haka. Ta dube ni,
ta ci gaba da suɗe wuƙarta.

Can da fitila ta yi ƙasa
ta taɓa dutsen kujera da bayan hannu.
"Da saura," ta ce.
Ta naɗe shi a tsohuwar safar hannun Luvsan,
ta tura shi cikin akwatin da ke gefen ƙofa,
inda ɗan tunkiyar da uwarsa ta ƙi yake rawar ɗari.
Ya shinshina, ya juya sau biyu,
ya kwantar da cikinsa a kai.