Fuska

A ramin yumɓu na bayan Gawi,
inda nake haƙa tun haƙorana na gaba suna nan,
fartanyata ta daki abin da ba dutse ba.
Ƙawanyar tagulla ce, ta yi kore,
daidai wuyan mace,
an yanke ta gefe guda.

Jikana Abakaka, mai karatu a Njamena,
ya goge ta da toka da lemun tsami.
Ya ce, "Kaka, rubutun Rumawa ne.
Wai: na gudu, riƙe ni, mayar da ni.
Ga sunanta nan ƙasa: Fuska.
A bakinsu, baƙa ke nan."

A bakina kuwa, fuska fuska ce.
Daren nan na gan ta.

Na gan ta yarinya, tana wankin tarwaɗa a bakin Shari.
Na ga an haɗa ta igiya ɗaya da mutum bakwai,
rijiya bayan rijiya,
har ƙasa ta ƙare, ruwan gishiri ya soma.
Ranar kasuwa aka shafa mata alli a ƙafa.
Shekara ashirin tana juya dutsen niƙa
a gidan mai gasa gurasa,
tana ɓoye kwabo cikin fasasshen tulun mai.
Ta haifi biyu, ba ta yaye ko ɗaya ba.
An lissafa su cikin kayan gida,
tsakanin jaki da tukwane.

Ban sani ba ko kanta ta fansa,
ko uwargijiyarta ce ta ji ƙamshin kabari,
ko wata baiwa ce mai guntun zarto
ta kwana uku da ita bayan murhu.
Yankan dai ba na maƙeri ba ne.

Abin da ya hana ni barci,
me ya sa ba ta wurga ta teku ba?
Hamada guda ta ratso da ita ɗaure a ƙugu.
Sai da asuba na shafo gefenta,
na ji 'yan ramuka jere, ƙanana,
irin na jariri mai ƙaiƙayin dasashi.

Abakaka na so a kai ta gidan tarihi,
a rufe cikin gilashi.
Na ce kullen da ta sha ya isa.

Da yumɓun wurin na gina tulu.
Mu nan mukan zagaye wuyan tulu da zane.
Wannan na bar wuyansa haka nan.