Har Iri

Yau Asabar ta huɗu a Nuwamba.
An gama ɗaurin dawa a gonar Baffa Tanimu,
dami saba'in da huɗu, ban da na zakka.
Na nemi kyandir a shagon Ilu, babu,
sai na ɗauko aci-balbal ɗin Gwaggo Ladidi
na ajiye a bakin taga.

"Ke Tabawa, ga fitilar sola,
me za ki yi da hayaƙi?"

Alkawari ne, Gwaggo.
Shekara huɗu na yi karatun likita a Poltava,
ina haya wurin wata tsohuwa, Odarka,
mai share ɓurɓushin burodi da tafin hannu
ta watsa a baki, ko da ta ƙoshi.
Yayyenta uku ba ta taɓa ganinsu ba:
Ostap, Hanna, da Mikita na goye.
Yunwa ta kwashe su a talatin da uku.

Baffa ya gyara zama a kan buzu.
"Yunwa ai mun san ta a nan Jahun.
Mun ci dusa, mun haƙa gidan tururuwa.
Tasu, fari ne ko fara?"

Ba fari, Baffa, ba fara.
Ruwa ya sauka, alkama ta nuna.
Mutane ne suka zo da takardar hukuma
da sandunan ƙarfe masu tsini,
suna caka ƙasan ɗaki, suna caka jinka,
har tukunyar da ke kan murhu suka juye.
Aka tare hanya, ba mai fita cin rani.

"Har iri?"
Har iri.

Ya daɗe yana kallon rumbu.
Akuya ta ja igiya, ba wanda ya tsawata mata.

"Kala fa? Ba su bar musu kala ba?"
Kala ma laifi ce. Zangarniya biyar a zani
tana iya kai uwa kurkuku.
"Ko buwa ba a hana ta kala," in ji shi,
kamar da rumbun yake magana.

Miliyan nawa? Masu lissafi na ta gardama.
Ni uku na riƙe, su aka ba ni amana.
Tun da yaƙi ya koro mu gida
lambar Odarka ba ta shiga.

Baffa ya miƙe da ƙyar, gwiwa na ƙara,
ya zaro zangarniya biyar daga damin sama,
ya jera su kusa da wutar.
"Sake faɗa min sunayen."
Na faɗa. Ya maimaita, harshe na tuntuɓe,
Ostap ya koma Usutafu.
Ban gyara masa ba.

Gwaggo ba ta ce komai ba.
Ta ƙara man gyaɗa a kasko,
ta tura lagwani da tsinke.