Baƙar Akwati daga Shagon Garga

Sefa dubu ɗari da tamanin.
Na ƙirga daren Talata, na sake da asuba,
ko sun haihu cikin gwangwanin madara.
Ba su haihu ba.
Wata goma sha ɗaya ina dakon albasa a tashar Garwa,
kafaɗata ta san nauyin kowace takarda.

Shagon Garga na bayan masu gyaran rediyo,
inda ƙaurin darma ke hana ƙuda zama.
Uku ya jera mini a kan teburi,
haɗaɗɗu, ba sai na nemi mai ɗauri ba.

Ta farko gilashi ne cikinta,
fitilu na juyawa, ja, shuɗi, ruwan goro,
kamar motar Marwa in ta taso da dare.
Zuciyata ta riga ta biya.
Hamajoda, ɗan yayata, mai shekara sha huɗu,
ya leƙa ciki, ya ja mini hannun riga:
"Kawu, ganin kitse kake wa rogo.
Fitila ba ta buga ƙwallo.
Katin hotonta ya girmi akuyarmu."

Ta biyu daga wani ofis ta yi ritaya,
da tabon kofin shayi a kanta.
Arha kam, har da allo da linzami.
Garga ya kunna tseren motoci,
motar ta yi gaba tana ɗingishi,
ta tsaya, ta yi tunani, ta ci bango.
Shi kansa sai da ya kau da kai.

Ta uku baƙa ce, ba ado, ba fara'a,
gefenta da ƙarzuwa kamar ta yi faɗa da kyanwa.
Yaron ya sa aka kwance murfi,
ya ƙirga fanka da yatsa: ɗaya, biyu, uku.
"Zafin garin nan," ya ce, "in Maris ya kama,
ko ƙarfe sai ya nemi inuwa."
Ya tambayi ram, aka ce takwas,
da gurbi guda a buɗe don wata shekara.
Ɗan wasa ya ruga a allo, bai yi tuntuɓe ba,
har ciyawar filin ina gani tana kwantawa.

Ɗari da saba'in, in ji Garga.
Na ce albasa ba ta yi tsada haka ba bana.
Ya ce albarka. Na juya. Ya kira ni.
Muka sha ruwa, muka sake.
Ɗari da hamsin da biyar, da tsohon allo,
da lamunin wata uku a bayan rasit.
Ragowar na ba mai daidaita wuta,
don na ga yadda firjin Dijatu ya mutu
ranar da lantarki ya dawo da fushi.

A babur muka ɗauko ta, tsakanina da yaron,
rungume, kamar mara lafiya.
Kan gadar Binuwai na ce wa direba,
"Sannu-sannu, guminmu ne a kwali."

Muka isa. Muka share kusurwa, muka jona waya.
Na yi bismilla, na danna.
Shiru.
Unguwa duka duhu, tun la'asar aka ɗauke.

Hamajoda ya yi dariya har da riƙe ciki.
Ya fita gindin dalbejiya, ya tona gurabe a ƙasa,
ya ba ni tsakuwa, ya ɗauki kara.
Dara muka yi da fitilar waya,
ya ci ni sau huɗu, bai ji kunya ba.
Kunnena dai na can ɗaki,
yana jiran fanka uku su fara numfashi.