Kafar Allura

Bayan la'asar Maiurno ta fara hucewa,
inuwar darbejiya ta hau kan gadon igiya.
Na janyo tsohon gwangwanin halawa
wanda yanzu maɓallai ne a cikinsa,
da almakashi mai karyayyen kunne,
da zaren da ya girmi uwar yaran nan.

Ihlas, shekara bakwai, ta durƙusa a damana.
Mudassir, biyar da rabi,
shi ya ce kada a manta da rabin,
ya zauna hagu yana gwaguyar goruba.

Idona ya daina ganin kafar allura
tun shekarar da kogi ya ci gonar mangwaronmu.
Sai na ce musu, to ga ciniki:
ku ara min ido, in ara muku hannu.
Ihlas ta lashi bakin zare, ta kanne ido ɗaya,
sau huɗu yana gocewa,
a na biyar ya shige kamar ɗan gida.

Jallabiyar kakansu muka ɗauko.
Shekara uku tana ninke a ƙasan akwati,
har yanzu ƙirjinta na ƙamshin gahawa da citta.
Na buɗe bakin almakashi, na daɗe ban matsa ba.
"Kaka, ba shi da kaifi ne?"
Yana da shi, na ce.
Na yanka.

Jaka za mu yi, faɗin tafin hannu biyu.
A ninke, a ɗinke gefe da gefe, a bar baki.
Shiga, fita. Shiga, fita,
yadda agwagwa ke yi a bakin Nilu,
ta nutse nan, ta ɓullo can.

Ihlas na ɗinki harshe a waje,
takunta ƙanana kamar sawun kiyashi.
Allura ta soke ta, ta dube ni ko zan firgita.
Na ce sa yatsan a baki,
duk mai ɗinki sai ya biya wannan kuɗin shiga.
Ta ci gaba, daɗi ya ɗebe ta,
ta ɗinke gefe, ta ɗinke gefe, ta bi ta ɗinke bakin,
ga ɗaki an gina ba ƙofa.
Ido ya cika da ƙwalla.
Na ce ai matashin kai kika yi wa 'yartsanarki,
farke nan kaɗan mu cusa auduga.

Shi kuwa Mudassir takun raƙumi yake yi,
soka uku, ya ce ya gama.
Ya miƙe zai kai wa uwarsa da ke gasa kisra,
jaka ta miƙe tare da shi:
ya haɗe ta da wandonsa daidai gwiwa.
Dariyar da muka yi, kisra ɗaya ta ƙone,
akuyar maƙwabta ta leƙo ta katanga.
Ya haɗe rai, ya ce da gangan ya yi,
aljihu ne, mu ne ba mu gane ba.
Ya hana a farke.
Ya zuba ƙwallon goruba da maɓalli biyu.

Uwata ta koya min a tsakar gidan nan,
ita kuma a hannun tata,
wadda ta taso daga yamma da ƙafa, da niyyar Makka,
guzurinta ɗinke a bakin zane,
zaren tafiya ya ƙare mata a nan.
Ban faɗa musu ba tukuna.
Sai sun iya ƙulli.

Ladan ya kira magariba.
Na ƙirga allura, uku, na mai da su cikin gwangwani.
Mudassir ya bi ubansa da gudu,
farin ƙyalle na rawa a gwiwarsa.
Na tsaya a bakin ƙofa har suka sha kwana.
Yau dai jallabiyar nan ta koma masallaci.